Idan Mai Zane Ya Karɓi Abinsa: Tallafin Ƙetare da Makomar Ajinmu

Jawabin da kwamitin ilimi na reshe ya gabatar a bikin Ranar Malamai ta Duniya ta 2025

 

Mai girma shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, iyayenmu malamai da suka ajiye alli bayan dogon aiki, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, muna yi muku barka da wannan rana. Allah ya jiƙan abokan aikinmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.

Batun da aka ɗora mana yau, wanda ya ji shi da farko zai ce ina ruwan biri da gada. Majalisun Amurka da Ingila na jayayya a kan nawa ya kamata su kashe wajen taimakon wasu ƙasashe, kuma don me za su kashe. Mu kuwa ga ajinmu a cike, ga rufin da ke yoyo, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Sai dai jayayyar tasu ta riga ta iso mana, ta shigo ta ƙofar asibiti, ta shigo ta ƙofar aji. Saboda haka gara mu san abin da ake cewa, mu kuma san abin da mu za mu ce.

Ranar 20 ga Janairun bana, wato ranar da aka rantsar da shi, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin ƙetare na tsawon kwana 90. A watan Maris sakataren harkokin wajensa, Marco Rubio, ya ba da sanarwar soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen hukumar USAID. Ranar 1 ga Yuli hukumar, wadda Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ta daina aiki, aka mayar da abin da ya rage ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje. Ingila kuma a hankali ta janye. Tun 1970 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi ƙasashe masu arziki su riƙa ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa don taimakon matalautan ƙasashe. Ingila ta kai wannan mizani a 2013, ta mayar da shi doka a 2015, ta sauko zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun bana Firaminista Keir Starmer ya ce zuwa 2027 zai koma 0.3, a zuba rarar a harkar tsaro. Ministar da ke kula da sashen, Anneliese Dodds, ta ajiye muƙaminta a kan wannan mataki.

Abin da ya kamata malamin lissafi ya lura da shi shi ne ƙanƙantar kuɗin da ake wannan rigima a kai. Duk tallafin ƙetare na Amurka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na kasafin gwamnatin tarayyarsu ba, alhali binciken jin ra'ayi ya sha nuna cewa talakan Amurka na zaton ya kai kashi ɗaya cikin huɗu. Najeriya ta samu kimanin dala biliyan ɗaya daga Amurka a 2023, mafi yawa a fannin lafiya da agajin gaggawa. Idan aka raba wannan ga mutum sama da miliyan 200, kowa bai tashi da dala biyar ba a shekara. 'Yan Najeriya mazauna ƙetare kuwa suna aiko wa danginsu kusan dala biliyan 20 duk shekara. To, yaya aka yi kuɗi kaɗan haka ya tafi, ƙasa ta girgiza? A nan maganarmu take.

Kafin mu je can, adalci ne mu saurari masu cewa a rage. Hujjarsu ta farko kowane Bahaushe ya san ta: gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ma'aikacin da ake cire wa haraji a wani ƙauyen Ingila, wanda asibitin garinsu ke sa shi jiran likita wata da watanni, yana da haƙƙin tambayar dalilin da za a ɗauki kuɗinsa a kai ƙasar da ke haƙo ɗanyen mai. Ba mu da bakin da za mu ce masa ya yi kuskure. Hujja ta biyu ta fi ciwo, domin daga cikin gida ta fito. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Zambiya, Dambisa Moyo, ta yi littafi a 2009 tana cewa tallafi na sangarta gwamnatocin Afirka, yana sa su fi jin tsoron mai ba da kyauta a kan talakan da ya zaɓe su. Ba duk abin da ta faɗa muka yarda da shi ba, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake share makaranta, a shafa fenti, a aro kujeru daga maƙwabta saboda baƙi za su zo duba aiki, ya san maganar tata ba daga iska ta ɗauko ta ba. Hujja ta uku ita ce kuɗin da yawa ba ya barin ƙasar da ta ba da shi. A 2022 da 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da Ingila ta kira tallafin ƙetare a cikin Ingila aka kashe shi, wajen saukar masu neman mafaka.

Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa tallafi sadaka ce tsantsa. Gwamnati ba ta kyauta don Allah kawai. An kafa USAID ne a tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, don neman abokai. Har gobe mai ba da tallafi na neman kasuwa, ko ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya, ko tare cuta da 'yan gudun hijira tun kafin su isa iyakarsa. Shi ya sa tallafi ke bin inda idon duniya yake. Mu a Zamfara mun ɗanɗani wannan: shekara da shekaru shirin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya tattara hankalinsa ne a kan Borno da Adamawa da Yobe, mu kuwa da aka kone ƙauyukanmu, aka raba manomanmu da gonakinsu, muka zauna a gefen takarda.

Duk da haka, wanda ya ce bai ga amfanin tallafi a yankin nan ba ya yi butulci. Zamfara na cikin jihohin da shirin Amurka na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ya yi aiki a cikinsu, kuma malami ya fi kowa sanin yadda rajistar aji ke ramewa da damina. Daga 2012 zuwa 2022 gwamnatin Ingila ta biya, UNICEF ta gudanar da kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Bauchi da Neja da Kano. Masu shirin sun ba da rahoton cewa an shigar da ƙarin 'yan mata kimanin miliyan ɗaya da rabi makaranta. Akwai shirin horar da malamai na TDP da ya fara da Zamfara da Katsina da Jigawa. Sai kuma RANA, wanda muke so mu ɗan tsaya a kansa.

Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan sun koyar da littattafan RANA. Abin da shirin ya zo da shi ba wani sihiri ba ne. Yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku ya koyi karatu da harshen da yake mafarki da shi. Ya fara da sautin harafi, ya haɗa gaɓa, ya haɗa kalma, ya karanta ɗan gajeren labari a kan akuya da kasuwa da rijiya. Kowane yaro da littafinsa a hannu, malami da jagoransa mai darasin kowace rana, sannan wani ya riƙa zuwa aji lokaci-lokaci ya zauna a baya, ya saurara, ya ba malami shawara ba tare da tsawa ba. Iyakar abin ke nan. Wanda ya taɓa ganin fuskar yarinya ranar da ta gane cewa baƙaƙen nan da ke kan takarda sunanta suke faɗa, ba sai an kawo masa rahoton ƙwararru ba.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, a cikin wannan duka wane ne ya fi ƙarfin jiha? Harshen namu ne. Masanan da suka san ƙa'idar rubutunsa suna Sakkwato da Kano da Zariya da Gusau da Maru. Maɗaba'u suna nan a Arewa tun zamanin Gaskiya Corporation a Zariya. Malaman da suka koyar mu ne. Abin da baƙo ya kawo shi ne kuɗin takarda da tawada, da man babur na mai zagayawa, da nacin cewa sai an auna an gani ko yaro ya iya. Ga amsar tambayar da muka bari a baya. Tallafin ba shi da yawa, amma ya zauna ne daidai gurbin da kasafinmu ya saba barinsa fanko. Kasafin ilimi a ƙasar nan albashi ne da gini. Albashi saboda dole, gini saboda ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle, kuma akwai kwangila a ciki. Littafin yaro, da horon malami, da sa ido, da gwaji, waɗannan ba su da mai tsaya musu a lokacin rabon kuɗi, sai aka bar wa baƙi. Gishiri ba shi ne tuwo ba, amma kowa ya san miyar da aka manta da shi.

Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Shiri na da ranar farawa da ranar ƙarewa. Littafin da ke hannun yaro ɗan shekara shida ba ya wuce shekara biyu ko uku. A makarantu da yawa abin da ya saura yau shi ne 'yan kwafe marasa bango a akwatin hedimasta, da malamin da aka horar wanda tuni aka yi masa canjin wurin aiki, da allon sanarwa a bakin hanya mai ɗauke da tambarin masu tallafi, rana ta cinye rubutunsa. Tsarin ya kuma haifar da wata cuta da ya kamata ƙungiya ta kira ta da sunanta. Inda albashi bai isa ba, alawus ɗin bita kan zama abinci, sai neman shiga jerin masu zuwa bita ya koma sana'a. Akan tura wanda ya san wani, a bar wanda ke riƙe da aji ɗaya. Akan samu mutum guda ya halarci bita huɗu a zango ɗaya, yaransa na zaune suna jiransa. Wannan ba laifin mai biyan haraji na Landan ba ne.

Akwai wani bambanci da ake yawan ɓoye mana a jawaban buɗe ayyuka, wato bambancin kyauta da rance. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda ake gyara makarantun sakandare da shi don 'yan mata, ya fara da dala miliyan 500 a 2020, aka ƙara miliyan 700 a 2023, lokacin da Zamfara ta shiga. Aiki ne mai kyau, muna maraba da shi. Amma rance ne. Mai sauƙin ruwa ne, mai dogon wa'adi, amma biyansa za a yi, kuma yarinyar da ke zaune a ajin da aka gyara tana cikin masu biya idan ta girma. Wanda ya san bashi ne ake gina masa aji da shi, ba zai yi shiru ba idan ya ga an rage siminti.

Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a je nesa a samo mana misali, ga Bakolori nan a gabanmu. Da arzikin man fetur gwamnatin tarayya ta ɗauko kamfanin Impresit na Italiya ya gina dam ɗin, aka kammala a 1978, da niyyar shayar da dubban kadada tsakanin Maradun da Mafara da Bakura. Ba a saurari manoman da aka tasa ba, kuma a Afrilun 1980, da suka tare hanya suna neman diyyarsu, aka aiko musu da 'yan sandan kwantar da tarzoma. Har yau dattawa na sassauta murya idan sun zo kan wannan rana. Daga baya magudanan suka cike da yashi da ciyawa, injuna suka tsaya, domin an ware kuɗin gini, ba a ware na kulawa ba. Sai a 2014 Najeriya ta karɓi rancen dala miliyan 495 daga Bankin Duniya don shirin TRIMING, Bakolori na cikin wuraren da za a farfaɗo. Da kuɗinmu muka gina, da bashi muke gyara. Abin da ya sami magudanan Bakolori shi ne ke samun littattafan ajinmu, sai dai shi yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu ba, babu bankin da ke ba da rancen mayar masa da shekarunsa.

Sannan ga wani ɓangare da ba a cika tunawa ba: Najeriya ma mai ba da tallafi ce. A 1976 ta kafa asusu na dala miliyan 80 a Bankin Raya Afirka don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A shekarun yaƙi da wariyar launin fata, ma'aikatan gwamnati a ƙasar nan sun ba da wani kaso na albashinsu ga asusun taimakon 'yan'uwanmu na kudancin Afirka, kuma wataƙila a cikin iyayenmu da ke zaune a sahun gaba akwai waɗanda aka cire daga nasu. A 1987, zamanin Janar Babangida, da Farfesa Bolaji Akinyemi a ma'aikatar harkokin waje, aka kafa hukumar TAC da ke tura malamai da likitoci da injiniyoyi zuwa ƙasashe irin su Gambiya da Uganda da Jamaika na tsawon shekara biyu, Najeriya ce ke biyansu. A 2022, jami'o'inmu na rufe saboda yajin aikin ASUU na wata takwas, ministar kuɗi ta tabbatar da cewa gwamnati ta amince da sayen motoci na fiye da naira biliyan ɗaya ga Jamhuriyar Nijar. Ku tuna abin da muka riƙa faɗa a ɗakunan malamai a lokacin. Kusan kalma da kalma, shi ne abin da ma'aikacin Ingila ke faɗa a kanmu.

Ra'ayinmu a nan shi ne ba a auna waɗannan da mudu ɗaya. Tsaya wa mutanen Afirka ta Kudu abin alfahari ne. Tura malami ya koyar a Banjul na gina zumuncin da ofishin jakadanci ba zai iya ginawa ba, kodayake da ɗaci a baki idan muka tuna makarantun karkararmu da malami ɗaya ko biyu ke riƙe da aji shida. Nijar kuwa maƙwabta ne, 'yan'uwa ne, tsaronsu namu ne. Amma motocin alfarma ga manya, a ɓoye, sai da takarda ta fita sannan aka amsa, wannan ya faɗi jarrabawa. Tambayoyin da za a yi wa kowane tallafi, mai shigowa da mai fita, iri ɗaya ne: wa ya amfana, wa aka tambaya, kuma me zai saura idan an tashi?

Ba mu ce janyewar da aka yi daidai ba ce. Rage tallafi a hankali, da sanarwa, haƙƙin mai kuɗi ne. Yanke shi dare ɗaya, alhali akwai mai shan maganin da ba a tsallake masa rana, akwai yaro mai tamowa a gadon asibiti, wannan rashin tausayi ne. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da rahoton cewa yara 652 sun rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina a wata shida na farkon bana, ta kuma danganta taɓarɓarewar da raguwar kuɗin agaji. Katsina ba nesa take ba, kuma yaran da tamowa ba ta kashe ba su ne za su zo mana aji ɗaya nan da shekara uku, da ƙwaƙwalwar da yunwa ta riga ta taɓa.

Amma akwai abin lura. Da aka yanke tallafin lafiya, cikin makonni majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin bana don cike giɓin. Ashe ana iya samo kuɗin. Ilimi bai samu irin wannan gaggawa ba, domin jahilci ba ya kwantar da mutum a asibiti ranar da ya kama shi. A shekarun nan kason ilimi a kasafin tarayya bai kai kashi goma ba. A nan bari mu gyara wata magana da muke yawan ji a tarurruka, cewa UNESCO ta wajabta kashi 26. Mizanin da ƙasashe suka amince da shi a Incheon a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa. Mu riƙe adadin da ba za a iya ƙaryata mu a kansa ba, shi ma ai ba a kai shi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi biyu cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma shekara da shekaru biliyoyin naira kan kwana a hukumar UBEC saboda jihohi da dama ba su ajiye ba.

Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a Nuwamban 2023, kuma mun ga gine-gine na tashi. Muna godiya. Abin da kwamiti ke roƙon wannan taro ya amince mu kai gaba shi ne mataki na gaba da gini. Muna so littafin karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku ya samu layinsa na kansa a kasafin jiha, da adadin kwafe, a riƙa sake bugawa duk shekara kamar yadda ake sayen taki. Muna so masu zagayen taimaka wa malamai su samu kuɗin mai daga ƙaramar hukuma, a kan lokaci. Duk wani shiri da zai shigo makarantunmu nan gaba, a faɗa mana a rubuce ko kyauta ne ko rance, a nuna mana wanda zai ɗauki nauyinsa ranar da wa'adinsa ya cika, kuma ƙungiya ta samu kujera tun ranar tsara shi. Zaɓen masu zuwa bita kuma a liƙa shi a allon sanarwa, malamin da ke riƙe da ajin shi ne zai je.

Wanda ke hannunmu ba sai mun jira kowa ba. Bayan abin da ya faru a Jangebe a Fabrairun 2021, da Kwalejin Noma ta Bakura a Agusta, da Kaya ta Maradun a Satumba, da rufe makarantun da ya biyo baya, malamai da yawa da aka horar sun watse zuwa wasu garuruwa, babu wanda ke da cikakken lissafinsu. Kwamiti ya shirya takarda mai shafi ɗaya da za a raba a ƙofa. Kowane wakilin makaranta ya rubuta mana littattafan karatu nawa suka saura a hannunsa, a wane hali suke, malamai nawa ne a makarantarsa suka taɓa samun horon koyar da karatu, kuma wane aji suke riƙe da shi yanzu. A miƙa wa sakataren reshe kafin ƙarshen wannan wata, domin mu haɗa alƙaluman ƙananan hukumomin uku mu isa da su Gusau kafin a gabatar da kasafin baɗi a majalisar jiha.